Hali Shi Ne Jarin Farko

Jawabin da wakilin jaridarmu ya yi gaban maza da matan ajin yaƙi da jahilci, bayan kaka, a cikin jihar Maradi. Mun buga shi don a karanta a sauran garuruwa, a yi mahawara a kansa.

    

Hatsi ya shiga rumbu. Wake da gujiya da aya sun shiga buhu. Wasu cikinku sun sayar, kuɗi na cikin aljihu. Ga rani gabanmu, wata bakwai ko takwas babu ruwan sama. Kowa yana tunanin abin da zai yi. Wani zai kafa tebur bakin tasha. Wani zai sayi rago ya turke. Wata za ta shiga yin mai da ƙuli-ƙuli. Wani kuma zai ɗauki jaka ya tafi biɗa.

Na san abin da zai faru, ku ma kun sani, don kowace shekara muna ganinsa. Mutum biyu za su fara da jari ɗaya, a gari ɗaya, a kasuwa ɗaya. In damana ta faɗi, ɗaya ya ƙara akuya, ya sayi taki da kuɗinsa. Ɗayan kuwa jarinsa ya narke, har yana yawon neman bashin iri. Kuɗin nan da suka narke gumin damana guda ne, na mutum da matarsa da ɗiyansa. Shi ya sa maganarmu ta yau take da nauyi.

In ka tambayi dalili, sai a ce maka arziki ne. Gaskiya ne, arziki na Allah ne, shi ke ba wanda ya so. Amma kakannin da suka gaya mana haka, su ne kuma suka ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Akwai halayen da ake samu wurin masu cin nasara a sana'a, ko a nan, ko a Kano, ko a Lome. Yau zan kawo maku guda shida. Daga nan mu duba ko ana haihuwar mutum da su ne, ko ana iya koyonsu.

Yadda na cinye jarina

Kafin in yi ma kowa gargaɗi, bari in tona asirin kaina. Shekarar da na gama makarantar horon malamai, an tura ni koyarwa wani ƙauye. Na tara albashin wata uku, na saro sukari da shayi da sabulu da ashana da batir. Na kafa tebur ƙofar gida, na zaunar da ƙanena. Na ce a raina, ni da ke koya ma yara lissafi, wa zai fi ni iya kasuwa?

Wata huɗu teburin ya yi. In shayin gidana ya ƙare sai in ɗiba, in ce ai nawa ne. In aboki ya zo neman bashi, kunya ta hana ni hana shi. Ban rubuta ko sau ɗaya ba, ga kaye ga bik cikin aljihuna. Ranar da na tashi sake sari, kuɗin da ke cikin gwangwani ba su kai rabin abin da na zuba ba.

Maƙwabciyata wata tsohuwa ce mai ƙosai. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Amma haɓar zanenta ƙulli biyu ne, ɗaya uwar kuɗi, ɗaya riba. Ƙullin uwar kuɗi ba ya kwancewa sai ranar sayen wake da mai. Wanda ya ci bashi, sai ta ja mashi layi da gawayi a bangon ɗaki. In layinka ya kai uku, ba ka ƙara cin ƙosanta sai ka biya, ko kai ɗan mai gari ne. Ranar da na ɗauke teburina ta ce mani: "Mushe, ka san lissafi, amma ba ka jin tsoronsa." Shekara uku na yi a garin, ban taɓa ganin kaskonta ya huta ba.

Na fi ta karatu, na fi ta jari. Ita kuwa ta fi ni hali.

Hali na farko: himma

Mai himma ba ya jiran a ce mashi tashi. Ba ya jiran gwamnati, ba ya jiran wansa da ke Abija ya aiko. Yana duba abin da mutane ke nema ba su samu, sai ya kawo shi.

Ku duba kasuwar garin nan. In mutum ɗaya ya kafa teburin shayi ya samu, kafin sati biyu sai ka ga tebur biyar jere. Masu sha ba su ƙaru ba, sai ribar mutum ɗaya ta rabu biyar, kowa ya tashi da ɗan abin da bai isa ba. A garin nan kuwa, wataƙila babu mai facin tayar amalanke, babu mai gyaran famfo, babu mai sayar da irin kayan lambu. Kwaikwayo yana da sauƙi. Buɗe ido shi ne aiki.

Kun ji sunan Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji, ƙasar Kano, a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana yaro. Ya shiga fataucin goro zuwa Gwanja, cikin ƙasar Gana ta yau. A zamanin nan ayari yakan yi watanni a hanya da jakuna, ga ƴan fashi, ga kuɗin fito. Shi sai ya lura ana iya sa goro a jirgin ruwa daga bakin tekun Gana zuwa Ikko. Yana cikin na farkon da suka bi wannan hanya. Da jirgin ƙasa ya fara jigila zuwa Kano a 1912, Turawa suka shiga neman gujiya, wadda Kanawa ke ce ma gyaɗa, bai tsaya kan goro kaɗai ba, ya shiga sayenta. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, raƙuma 20 suka kai mashi kuɗin azurfa ajiya. Da ya rasu a 1955, ana ganin babu wanda ya kai shi dukiya a Afirka ta Yamma. Fatake da yawa sun ga jirgin ruwa, sun ga jirgin ƙasa. Shi ya riga su tambayar kansa abin da zai yi da su.

Hali na biyu: amana

Kasuwancin Hausawa tun asali a kan amana ya tsaya. Wani mai bincike daga Ingila, Abna Kohen, ya zauna unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, yana duba cinikin shanu da goro. Shanun daga arewa suke zuwa, har da na ƙasarmu. Mai shanu zai sauka gidan mai gida. Dillali ya haɗa shi da mahauta Yarabawa, a ba su shanun bashi, su biya bayan sun yanka sun sayar. Babu takarda, babu alƙali. Mai gida ne ke tsaya ma baƙonsa. In mahauci ya ci amana, labari ya bazu, ba mai sake ba shi ko ƙafar saniya.

Haka yake a Maradi. Da yawa cikin manyan alhazan birnin nan ba da jari suka fara ba. Barori ne a gidan wani ubangida. A aike su, su dawo da canji daidai. A ba su kaya su kai kasuwar ƙauye, su kawo kuɗi ba gibi. Bayan shekaru ubangida ya yarda da yaro, ya ba shi kaya bashi, ko ya yanka mashi jari ya tsaya da ƙafarsa. Amanarsa ita ta zama jarinsa.

Saurayi, kai da ke cewa ba ka da ko dala, ka ji wannan. Wanda ya ba ka sautu yau yana auna ka. Kuma ku masu awo, tiyar da aka buga ma gindi, da tsakuwar da aka zuba cikin wake, da ruwan da aka ƙara ma nono, ribar rana ɗaya ce. Mai saye ba ya mantuwa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Hali na uku: lissafi da kame hannu

Ku buɗe kayenku, mu yi wannan tare. A ce ka sayi buhun hatsi jika 20. Buhun yana da tiya 40. Ka kai kasuwar gaba, kana sayar da tiya dala 110. In ka sayar duka, ka samu jika 22. Sai ka ce ka ci ribar jika 2, ka dawo gida kana murna.

To, tsaya. Mota ta ci jika 1, kai da buhun, zuwa da dawowa. Ɗan dako ya karɓi dala 40. Kuɗin kasuwa dala 20. Ka ci abincin dala 100. Wurin awo kuma, da gyara da abin da ya zube, tiya guda ta tafi, watau dala 110. Ku haɗa. Abin da ya fita jika 2 ne da dala 70. Ashe faɗuwa ka yi ta dala 70, ga wunin rana a banza. In ka yi haka kasuwa goma, kana ganin kuɗi na shiga hannunka kullum, ba za ka gane jari na zurarewa ba sai ya ƙare.

Mai cin nasara yana ƙirga ƙananan abubuwan nan tun kafin ya ɗaura buhu a mota. Yana raba aljihu biyu kamar tsohuwar nan mai ƙosai. Uwar kuɗi ba ta sayen goro, ba ta zuwa biki.

Ga inda abin ya fi wuya. Mu mutanen zumunta ne. In aka ga ka kafa tebur, ƙanen uba zai zo, suruki zai zo, ga suna, ga aure, ga rashin lafiya. Ba na ce ku yanke zumunci ba, Allah shi kiyaye. Wanda ya ƙi nasa, ranar da ya faɗi ba mai ɗaga shi. Amma ka yi kyauta daga riba, ka san iyakarta tun farkon wata. Wanda ya ba da riba zai sake bayarwa gobe. Wanda ya ba da uwar kuɗi ya yanka kazar da ke yi mashi ƙwai, gobe da shi da dangin duka za su rasa. Iya cewa "ka yi haƙuri, wannan jari ne" cikin ladabi, shi ma hali ne na ɗan kasuwa.

Hali na huɗu: kasada da hankali

Ana cewa ɗan kasuwa sai da ƙarfin zuciya. Haka ne. Amma ƙarfin zuciya daban, caca daban.

Wani malamin jami'a a Amurka, sunansa Makilelan, ya daɗe yana binciken abin da ke sa wasu mutane son ci gaba. A 1961 ya fitar da babban littafi a kan haka. Cikin gwaje-gwajensa akwai wasan yara. A kafa turke, a ba yaro zobba, a ce ya jefa su shiga turken, ya tsaya inda ya ga dama. Wasu yara suka tsaya dab da turken, inda ba a kuskure. Wasu suka tsaya can nesa, inda sai sa'a kaɗai. Yaran da suka fi son cin nasara kuwa sun fi zaɓen tsakiya, inda abin ke da wuya amma gwaninta na iya ci.

Haka kasuwa take. Wanda ya binne kuɗinsa cikin tukunya don tsoro, ya tsaya dab da turke, ba zai ƙaru ba. Wanda ya sayar da gona, ko saniyar noma, ko hatsin da iyali za su ci, ya zuba cikin sana'ar da bai sani ba, ya tsaya can nesa. Mai hankali yana fara gwaji da kaɗan. In yana son shiga cinikin albasa, sai ya fara da buhu biyu, ya ga yadda take ruɓewa, ya san dillalai, kafin ya cika mota. Kafin ya zuba kuɗi yakan tambayi kansa: in abin nan ya lalace duka, gidana zai ci tuwo?

Ku yi hattara kuma da masu zuwa da daɗin baki, su ce kawo jika 10 ka karɓi jika 20 ƙarshen wata. Babu halattacciyar sana'ar da ke haihuwa haka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Hali na biyar: juriya da iya sauya hanya

Babu ɗan kasuwar da bai taɓa faɗuwa ba. Bambancin yana wurin tashi.

Dattawan da ke nan sun tuna zamanin gujiya. Ita ce ta gina Maradi. A 1962 gwamnati ta kafa Sonara don sayenta da fitar da ita waje. Kowace kaka motoci na ɗiba, kuɗi na shigowa. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, a 1975 kuma cuta ta faɗa ma gujiyar. Cinikin da ya riƙe jihar nan shekaru da yawa ya durƙushe. Waɗanda ba su san komi ba sai gujiya, da yawa sun durƙushe tare da ita. Waɗanda suka tsira su ne suka juya ga wake, da dabbobi, da fatu, da atamfa, da motocin sufuri, da ciniki tsakaninmu da Najeriya.

Irin wannan girgiza ba ta ƙarewa. A watan Janairu na 1994 an karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada dare ɗaya. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta ta ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Kowane karo wasu sun rufe shago, wasu kuma sun nemi wata haja ko wata kasuwa.

Juriya ba taurin kai ba ce. In ka kai kaya kasuwa sau uku ba su shiga ba, kada ka ce an yi maka asiri. Ka zauna ka duba: tsada ce, ko rashin kyau, ko ba lokacinsu ba ne? Mai ɗora laifi kullum a kan maƙiya ba ya koyon komi daga faɗuwarsa. Mai cewa "a nan na yi kuskure" ya sayi ilimi da kuɗin da ya rasa.

Hali na shida: tambaya da sakin fuska

Matambayi ba ya ɓata. Ɗan kasuwa na ƙwarai kunnensa a buɗe yake. Yana son ya san nawa wake yake a Tasawa, nawa yake a Jibiya, yaushe albasar Galmi ke fitowa, me matan gari ke nema gab da salla.

Yau abin ya yi sauƙi. Wayar salula ta shigo ƙasarmu a 2001. Wata mai bincike daga Amurka ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda waya ta isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili shi ne ƴan kasuwa sun daina tafiya a makance, suna bugawa su tambaya kafin su ɗora kaya. Wayar nan tana aljihun kusan kowa. Wani yana sauraren waƙa da ita, wani yana neman farashi da ita.

Ka tambayi mai sayen kayanka kuma. In ya daina zuwa, ka bi shi ka ji dalili. Ka gaida mutane, ka yi haƙuri da mai yawan taya. Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Mai ɗaure fuska ko zuma yake sayarwa, za a wuce shi a sayi ta maƙwabcinsa.

Hali zanen dutse ne?

Na ga wasu na girgiza kai. Na san abin da ke ranku. Kuna cewa, ai hali zanen dutse ne, wanda aka haifa ba ɗan kasuwa ba, ba zai zama ba. To, ku saurari abin da aka yi a Lome, babban birnin Togo, inda motocinmu ke zuwa ɗaukar kaya.

A 2014 masu bincike na Bankin Duniya tare da malaman wata jami'a ta Jamus suka zaɓi masu ƙananan sana'o'i 1500, maza da mata. Suka raba su kashi uku, kowane kashi mutum 500. Kashi na farko ba a koya masu komi ba. Kashi na biyu aka koya masu darasin kasuwanci da aka saba: riƙe littafin kuɗi, talla, tsarin ma'aikata. Kashi na uku aka koya masu hali: ka fara da kanka, ka nemi abin da ya bambanta ka da maƙwabci, ka sa ma kanka buri, ka hangi matsala tun ba ta zo ba, in ka gamu da cikas ka nemi wata ƙofa. Awa 36 aka yi ana darasin, daga baya malami yana kai ma kowa ziyara wurin sana'arsa har wata huɗu.

Aka bi su fiye da shekara biyu ana duba ribarsu. A 2017 aka bayyana sakamako. Waɗanda aka koya ma hali, ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100. Watau mai cin jika 10 ya koma cin jika 13. Waɗanda aka koya ma darasin da aka saba, ƙarinsu kashi 11 ne, kuma masu binciken sun ce bai kai a dogara da shi ba. Wani abin lura, mutanen kashi na uku su ma sun shiga gyara lissafinsu da tsarin shagonsu. Da himma ta shiga, ita ta tura su neman sauran.

Waɗannan ba yara ba ne. Manya ne masu iyali, kamar ku. Ashe hali yana karɓar gyara ko bayan an girma.

Ba sai mun je Togo ba ma. A nan jihar Maradi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE. Mata su taru kowane sati, kowa ta zuba abin da aka yanke cikin asusu, su ba juna rance, in lokaci ya cika su raba. Ba wanda ya kawo masu jari daga waje. Abin da tsarin ya koya masu shi ne zubi a kan lokaci, da biya a kan lokaci, da ƙirga kuɗi a gaban kowa. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da yawa na Afirka har da wajenta. Iyayenmu mata da ke cikin asusu, ku shaida: matar da a da ba ta iya riƙe dala 20 har sati, yau ba ita ke riƙe da akuyoyi ba?

Kada mu zagi wanda ya faɗi

Akwai gaskiyar da ya kamata in faɗa, don kada a fita nan ana nuna wani da baki. Hali ba shi ne komi ba. Mutum na iya haɗa halayen nan shida, ciwo ya kwantar da shi, ko gobara ta cinye shagonsa, ko ɓarayi su kore dabbobinsa, ko hanyar garinsu ta yanke da damana. Ba kowane talaka ne rago ba, ba kuma kowane mai kuɗi ne mai halin kirki ba.

Wanda aka haifa a gidan kasuwanci kuma ya riga mu nisa. Aliko Ɗangote, mai masana'antun siminti da matatar mai a Najeriya, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa. Ya tashi ya tarar da jari da sanayya da masu koya mashi. Kada ɗan manomi ya auna kansa da shi ya karaya. Ka auna kanka da kai na bara.

Ruwan sama da farashi da iyaka ba a hannunmu suke ba. Hali kuwa yana hannunmu. Shi ne jarin da fari ba ya ƙonewa, ɓarawo ba ya ɗauka. Kuma ba ɗan tebur kaɗai ke bukatarsa ba. Manomi mai sayar da amfaninsa, da mai lambu, da maƙeri, da mai kiwo, duk ƴan kasuwa ne.

Aikin da za mu yi kafin haɗuwa ta gaba

Ba na so ku tafi da daɗin jawabi kaɗai. Ga aiki uku.

Na ɗaya, ran kasuwa mai zuwa kowa ya zagaya ya rubuto abu uku da mutane ke nema ba su samu a garin nan, ko suke tafiya nesa kafin su samu.

Na biyu, mai sana'a ya ja layi tsakiyar shafin kayensa. Hannun dama abin da ya shigo, hannun hagu abin da ya fita, har kuɗin goro. A yi haka kwana bakwai ba fashi. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya sa ɗansa ɗan makaranta ya taimaka mashi.

Na uku, tun daren yau a raba uwar kuɗi da riba. Gwangwani biyu sun isa.

In mun haɗu, kowa zai karanta mana abin da ya samu. Wanda ya gano yana faɗuwa kada ya ji kunya. Gara ka gane yau da sauran jari a hannunka, da ka gane ranar da gwangwani ya koma wayam kamar nawa.

 Wanda ke da tambaya ko gyara, ga fili. Allah shi sa albarka cikin abin da muka noma, shi ba mu sa'ar rani, shi kai mu damana lafiya.